Azumin Da Na Tona Asirin Ubanku

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalamin nan, kuma da fushi, ba zan ɓoye muku ba. Ku uku a gidan baffanku Labbo kuka tashi, a Ƙofar Kware, labarin da ya ga dama shi ya ba ku kuka haɗiye: wai aljanun mahauta ne suka taɓa ubanku, ni kuwa uwarku na fito gaban maza na yi masa ƙazafin shan giya don na gaji da aurensa. Kai babba, da har yau kunya ba ta bar ni na kira sunanka ba, da ke Hajaru, da kai Umaru, duk kun yi furfura da wannan magana a cikinku. Kuna zuwa gaishe ni, kuna durƙusawa, amma ina ganin abin a idonku. Waɗanda suka san gaskiya duk sun kwanta dama, saura ni. To, ga ta da ajamin da na koya da girmana. Wanda ya iya ya karanta wa sauran.

Mu rundawa ne, wato mahauta, kaka da kakanni, ni da ubanku duka. A zamanin nan Nasara ba su fi shekara goma sha da cin Sakkwato ba, tsofaffi ma ba su daina tofar da yawu in an ambace su ba. Gidan da aka kai ni babba ne. Surukina ya rasu, Labbo wan mijina shi ne maigida, sai Inna kakarku a ɗakinta na tsakiya tana kaɗi, ba ta cika magana ba. Labbo mutum ne mai son a ce. In ya fito masallaci rigarsa ta fi ta liman fari, in ya yi tari a zaure mu mata sai mu nutsu. Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa yi masa magana ba sai a durƙushe ta bayan zana, don haka aka san matar ƙane da wan miji. Ubanku kuwa ba haka yake ba. Mai raha ne, mai kyauta, kuma a fiɗa babu kamarsa a unguwar. Zai fiɗe jar akuya ya miƙa wa dillali fata babu ko ƙwarzanen wuƙa. Na so shi. Ku riƙe wannan tun yanzu, don shi ne abin da aka fi ɓoye muku.

Iya aikinsa ya ja masa. Shi aka zaɓa ya riƙa kai nama bariki, wajen sojoji da masu dafa wa Turawa abinci. Can ya fara da burukutun matan bariki, daga baya masu dafa abincin suka koya masa ta kwalba, barasar iyayen gidansu da suke ɗiba a ɓoye. Ya ba su harshe da tsoka mai kyau, su cika masa tandu. Tandun man shanu ne, na fata, a rataye a bayan ƙyauren turakarsa, wa zai yi zato? Yana tauna kanumfari da goro, ya shigo gida yana sallama kamar kowa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara shida ina kallo. Da farko ranar kasuwa ce kawai, daga nan kullum da yamma, har ta kai in gari ya waye hannunsa yana rawa, ba ya iya ɗaure wando sai ya kurɓa. Da ya kurɓa sai hannun ya tsaya cak. In azumi ya zo yakan yini a wahale, yana gumi yana faɗa da kowa, da an sha ruwa sai ya shige turaka ya ja ƙyaure. Ban faɗa wa kowa ba, ko uwata. An koya mana mace tufar mijinta ce, na kuwa rufe shi ruf. Labbo ya sani. Da idona na ga ya shigo da shi a kafaɗa wata rana, ya jefar da shi a kan tabarma, ya ce da Inna zazzaɓi ne.

A shekarar da nake ba ku labari azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Saura kwana biyu a ga wata, ubanku ya dawo daga bariki a cike, ya ɗaga ki Hajaru zai yi miki wasa, ƙafarsa ta harɗe, ku biyu kuka zube a bakin murhu. Tabon da ke gwiwar hannunki na ranar ne, ba na faɗuwa daga kan turmi ba kamar yadda aka ce miki. Na cire ki daga toka. Ranar da aka ga wata, yana masallaci, na shiga turakarsa na sauko da tandun, na tono kwalabe biyu da ya binne a ƙarƙashin gado, na kai bayan gida na tuttule su duka. Da ya dawo na tare shi a bakin ƙofa.

"Na zubas," na ce. "Dut na zubas. Yau ko ka rantse ka bari, ko in ɗauki ɗiyana in tahi gidanmu."

Na yi zaton duka zan sha. Sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya yi kuka kamar yaro.

"Kin yi daidai," ya ce. "Wallahi na gaji da kaina. Ɗauko min Alƙur'ani."

Ya yi alwala ya dafa ya rantse: daga yau ko ɗigo. Na kwana ina murna, ina ganin na yi jihadi. Ban sani ba ashe rami na haƙa masa. Wa ya taɓa gaya mana cewa jikin da ya shekara shida yana jiƙe da abin nan kullum, in aka yanke masa rana ɗaya yana iya kashe mai shi? Mu dai mun san giya haram ce, mai tuba kuwa sai ya bari nan take. Wannan kuskuren nawa ne, na ɗauke shi, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Ranar farko ta azumi ya fita aiki. Da la'asar ya dawo rigarsa sharkaf, hannuwa suna kaɗawa har ƙwaryar buɗa-baki ta kuɓuce masa. Abin da ya sha ya amayar. Bai runtsa ba, motsi kaɗan ya zabura, kukanka Umaru, kana goye a lokacin, sai ya toshe kunne. Na ce ya ajiye azumin gobe, Allah Ya ɗauke wa mara lafiya. Ya ce shi da ya rantse jiya ba zai fara da cin azumi ba. Rana ta biyu ya lallaɓa ya tafi mahauta. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi an ɗauko shi a kan ƙyaure, mutum huɗu. Suka ce yana tsugune zai fara fiɗa sai ya yi ƙara ya sandare, ya faɗi cikin jini yana shure-shure, bakinsa yana kumfa. Ya ciji harshe. To, kowa a Sakkwato ya san wurin da ake zubar da jini matattarar iskoki ce, tun muna yara ake hana mu ratsa mahauta da tsakar rana. Kafin a shigo da shi gida magana ta riga ta zauna: aljanu sun buge shi. Labbo kuwa ya karɓe ta hannu biyu, don ta zo masa daidai wuya.

Aka kira malam ya yi tofi, ya rubuta allo. Ba ni da ta cewa a kan malamin nan, bawan Allah ne, aikinsa ya yi bisa abin da aka faɗa masa. Da azahar abin ya sake tayar wa ubanku a gabana, idanu suka juye, jiki ya ƙage, har ya yi fitsari a kwance. Rana ta uku hankalinsa ya tafi gaba ɗaya. Jikinsa ya yi zafi rau, gumi yana tsiyaya. Yana karce fatarsa yana cewa kiyashi sun rufe shi, yana nuna bakin ƙofa wai ga shanun da ya fiɗe sun dawo a tsaye ba fata suna kallonsa. Bai san ni ba, ya kira ni da sunan wata ƙanwarsa da ta rasu. Ya yunƙura zai gudu, Labbo ya sa aka ɗaure shi hannu da ƙafa da igiyar shanu, aka rufe shi a shigifa, ɗakin da ke bayan zaure, aka toshe taga, aka cika kasko da garwashi da turaren korar iska. A bazara! Na aika ta bakin Inna a roƙi Labbo a ba shi ruwa, leɓensa duk ya tsattsage. Na ji amsar da kunnena ta bayan zana.

"Aljanin na ka son shi karya mai azumi. Ba a ba shi komi sai rana ta hwaɗi, sannan a ba shi rubutu."

Ko yaron da ya fara Ahalari ya san mara lafiya ba azumi a kansa, balle wanda hankalinsa ya gushe. Labbo ya fi ni sani. Amma a ranar 'yan dubiya sun cika zaure, yana so a fita ana cewa gidansu ko aljani bai isa ya sa a ci azumi ba. Har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Bayan azahar wani baƙo ya yi sallama. Malam Garba ake ce masa, Bakano ne, daga bakinsa ma ka sani. Malamin asibitin bariki ne, ya bi sojoji yaƙin Jamus yana ɗaurin rauni, bai daɗe da zuwa Sakkwato ba. Ubanku yakan ajiye masa hanta, kwana uku bai gan shi ba, ya tambaya aka kwatanta masa gida. Da aka buɗe masa shigifa hayaƙi ya buge shi, ya yi salati da ƙarfi. Ni ina tsugune a bayan zanar da ta raba shigifa da cikin gida, ina leƙe ta ɓula. A wurin akwai Labbo, da limamin unguwa, da rundawa dattawa huɗu. Malam Garba ya fitar da kaskon da hannunsa, ya durƙusa ya taɓa goshin ubanku, ya riƙe tsintsiyar hannunsa ya yi shiru, ya lanƙwasa masa wuya gaba da baya, ya duba harshen da ya ciza. Ya tambayi yaushe abin ya fara, da me ya fara. Da aka ce da rawar hannu da amai, ranar farko ta azumi, sai ya ɗago.

"Wuyansa bai ƙage ba, ban ga alamar sanƙarau ba. Na ga irin wannan a sojoji, na gan shi a Turawa ma. Ku gafarce ni dattawa, tambaya zan yi, ba don cin mutunci ba. Mutumin nan yana shan giya?"

Labbo ya miƙe har rawaninsa yana karkacewa.

"Kai baƙo, ka san gidan da kash shigo? Ƙanena na! Mu ba mu gaji wanga ba. Wallahi bakinai bai taɓa ƙazanta ba."

"Allah Ya ba ka haƙuri," in ji Malam Garba. "Abin da ya sa na tambaya, in mutum ya daɗe yana sha kullum ya bari farat ɗaya, haka yake yi: rawa, farfaɗiya, sannan gane-gane da zafin jiki. A wannan matakin ake mutuwa. Akwai magani, amma yana kulle wajen likita, ba zai ba ni ba sai na gaya masa dalili. In kuwa ba shi ba ne, wani ciwon ne a kansa, maganin barci ne mai ƙarfi, ina iya ƙarasa shi da hannuna. Ba zan ba shi a kan zato ba. Wani ya gaya mini gaskiya."

"An hwaɗa maka gaskiya," Labbo ya ce. "Iska ta. Mun gode da dubiya."

Na ga Malam Garba ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ya sauke numfashi ya fara laluben takalmansa. Ubanku yana kwance a ɗaure, ya daina ihun ma, sai wani gurnani, numfashinsa sama-sama.

Ku tsaya ku ji abin da ke kaina a lokacin, don ku daina cewa na yi ne da gangan. Na san hukuncin mashayi bulala tamanin ne in magana ta kai gaban alƙali. Na san in aka ji barunje, wato mahauci, yana sha, mutane za su ƙyamaci naman gidan. Na san macen da ta fito gaban wan mijinta da liman ta buɗe baki ta gama zama a gidan. Duk na sani, ba yarinya ba ce ni. Na waiga na dubi Inna, tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari a hannu, kanta a ƙasa. Na ji ƙarar takalmin baƙon ya nufi zaure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ja zanen goyo na rufe kaina, na ture zana na fita, kai Umaru kana bayana.

"Malam, tsaya! Shina sha. Shekara shidda shina sha, kullum, sahe da marece. Ni niz zubas da ita ranar da anka ga wata, ni nis sa shi rantsuwa. Tun rannan bai kurɓa ba."

Liman ya kawar da kai yana istigfari. Labbo ya yo kaina da hannu a ɗage.

"Ke! Wa yak kira ki? Koma ciki, marar kunya, ɗiyar banza!"

A ranar na fara ganin ƙwayar idon Labbo, shekara tara ina gidansu. Ban koma ba.

"Yaya, ka buge ni in ka so. Kai kad ɗauko shi bisa kahwaɗa bara waccan, ka san abin da ni sani. In ya mutu yau, mi za ka ce ma Allah?"

Hannun ya tsaya a sama. Malam Garba bai jira an ba shi izini ba. Ya zare wuƙa daga ƙugun wani dattijo ya yanke igiyoyin, ya ce ɗauri yana ƙara masa firgita, yana ƙona masa ƙarfi a banza. Ya sa aka buɗe taga, aka fitar da shi inuwar rumfa inda haske yake, don duhu ke ƙara masa gane-gane. Ya ce a watse, mutum biyu kawai da ya saba da su. Ya juyo gare ni, ni da ko sunana bai sani ba, ya yi mini magana kamar mutum.

"Uwargida, jiƙa zane ki riƙa shafa masa. Ruwa da ɗan gishiri, kaɗan-kaɗan da ludayi, sai in yana iya haɗiya, kada ki ɗura masa. In farfaɗiyar ta dawo ki juya shi gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki. Ki riƙa kiran sa a hankali kina gaya masa yana gida. Yanzu zan dawo."

Liman ne, Allah Ya jiƙansa, ya ce a ba shi ruwan, babu azumi a kan wanda bai san inda kansa yake ba. Sai a lokacin ya tuna.

Kafin la'asar Malam Garba ya dawo a guje da 'yar kwalba. Maganin yana da wani irin ɗoyi mai hawa kai, har kwana biyu ana jin sa a numfashin ubanku. Labbo daga nesa ya ce ko giyar ce aka sake kawowa. Malam Garba ya ce ba ita ba ce, magani ne da ke kwantar da jikin da ya saba da ita, a riƙa rage shi kullum har jikin ya koyi tsayawa da kansa. Ya auna ya ba shi, ya zauna yana ƙirga numfashinsa, ya ce in aka zarce awo barcin ba a tashi, shi ya sa ba zai bar mini kwalbar ba. Kwana biyar yana zuwa safe da yamma, da azumi a bakinsa, tun daga bariki a ƙasa. Ya ce cikin mashayi a yunwace yake ko da yana ci, a ba shi romon hanta da nono da kunu. Wannan kam gidan rundawa ba a rasa ba. Ubanku ya yi barci kamar gawa, na yi ta sa hannu a hancinsa. Rana ta shida ga azumi ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Ina ɗiyan?" Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban samu yi ba.

Ba wanda ya kai magana gaban alƙali. Dattawan nan huɗu rundawa ne, rufin asirinsa nasu ne. Amma magana ta fita, kamar yadda takan fita, mata suka ɗauka a bakin rijiya. Kwana biyu aka yi ciniki ya ja baya, shi ke nan, mutane suka ci gaba da cin namansu. Labbo ne bai huce ba. Tun ubanku bai iya tsayuwa ba yake shiga wurinsa ya ja ƙyaure. A cikin gida aka daina amsa gaisuwata. In na ɗora tukunya, matan Labbo su janye 'ya'yansu. Malam Garba ya daina zuwa, aikinsa ya ƙare, har ya bar garin ban sake ganinsa ba, ban kuwa gode masa yadda ya kamata ba.

Ana saura kwana uku salla ubanku ya kira ni turaka da hantsi. Ya rame, amma idonsa ya washe. Bai dube ni ba.

"An ce gaban liman kih hwaɗa."

"Awo."

"Da Yaya, da dattawa."

"Awo. Mutuwa kaka yi."

"Ba ki iya kiran baƙon gehe? Ba ki iya aikawa?"

"Wa za ni aika? Takalmi shika sawa. Da na yi shiru hwa?"

Sannan ya ce, a hankali, kamar mai karanto abin da aka biya masa:

"Da kin yi shiru, da na mutu da mutuncina. Yanzu ƙaƙa za ni hita Idi? Yaya ya ce in kina gidanga, maganar ta tabbata. In kin tahi, a ce ƙazahi na kinka yi don ki samu hita." Ya haɗiyi yawu. "Na sake ki, saki guda."

Kun ji. Ba zagi, ba duka. Ni da na shafe kwana shida ina goge masa amai da fitsari. Na so in ɗaga murya unguwa ta ji. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Allah shi ƙara lahiya." Labbo bai bari na yi idda a ɗakina ba, ko da yake haƙƙina ne, ya ce in tafi gidanmu a Ƙofar Marke. Ya ce babba da Hajaru na gida ne, Umaru kuwa in an yaye shi a dawo da shi. Haka aka yi, wata bakwai bayan nan aka zo aka ɗauke ka kana ihu. Ubanku bai mayar da ni ba. Bai kuma sake kurɓar giya ba har ya koma ga Allah, wannan shaida na yi masa. Ya yi shekara talatin da ɗoriya a duniya bayan nan, ya aurar da ku, ya ga jikoki, har ladanci ya yi a masallacin unguwa. Ina jin kiran sallarsa in iska ta juyo. Ban taɓa nadamar fitowata ba, ko sau ɗaya. Amma kada wanda ya ce mini in yi haƙuri haka Allah Ya so. Allah bai ce a ɗaure mara lafiya a hayaƙi ba, bai ce a rantse da sunanSa a kan ƙarya ba, mutane ne suka yi.

Saura abu ɗaya, shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da safen da zan tafi, na ɗaure kayana a ƙwarya, Umaru a baya. Kai babba an tura ka kasuwa da gangan. Ke Hajaru kina riƙe da bakin zanena, kina tambaya ina za mu. Mun kai soron tsakiya, ba kowa, sai ga Inna ta fito daga lungu. Tsohuwar da shekara tara ba ta yi mini doguwar magana ba. Ta kama hannuna ta matse, hannunta yana sanyi, hawaye yana bin kuncinta. Ta matso da bakinta kunnena.

"Ɗiyata, na sani tun kahin ki sani. Ni ka wanke mai rigunan bariki tun hwarko, na ji warinta. Rannan ina zaune ina jin baƙon, bakina ya ƙi buɗuwa. Ke kic cece min ɗa. Allah shi yi miki albarka."

Na tsaya ina kallon ta. Uwar da ta haife shi, tana jin gurnaninsa, tana murza mazari. Duk zagin Labbo bai ƙona mini rai kamar albarkar nan da aka sa mini a ɓoye ba. Daga zaure ina jiyo muryar Labbo da ta liman, sun dawo daga gaisuwa, taku goma ne tsakaninmu da su.

"Inna," na ce, "ga su can zaure. Ke kih haihe su, ba mai tsawata miki. Taho ki hwaɗi wanga gabansu, sau guda. In kin hwaɗa, ba a raba ni da ɗiyana."

Ta dubi ƙofar zaure. Ta dube ni. Na ji yatsunta suna saki ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara lulluɓinta, ta sunkuya ta ɓamɓare hannunki Hajaru daga zanena, ta ja ki kuka koma cikin gida.